Gano Musabbabin Cijewar Bindigar M1 Garand

1.0 Gabatarwa

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu yi bayanin yadda ake gano dalilin cijewar tsohuwar bindigar soja mai ɗura wa kanta harsashi. Mun ɗauki misali da M1 Garand, wadda John Garand ya tsara a maƙerar gwamnatin Amurka ta Springfield. Sojan ƙasar sun karɓe ta a 1936, sun yi Yaƙin Duniya na Biyu da na Koriya da ita, kafin M14 ta gaje ta a 1957. An ƙera fiye da miliyan 5. Abin da muke son tabbatarwa shi ne, matakin da aikin bindigar ya tsaya shi ke nuna ɓangaren da ya sami illa. Wanda ya yi gaggawar sassaƙa ko sauya kaya kafin ya gane wannan, yana iya lalata abin tarihi, ko ma ya jefa kansa cikin haɗari.

2.0 Yadda Take Aiki

Idan aka harba, iskar albarushi ce ke tura harsashi. Kusa da bakin bututun bindigar akwai 'yar kafa wadda wani kaso na iskar ke bi zuwa silinda da ke ƙarƙashi. Can sai ta bugi fistin da ke kan wata doguwar sanda, sandar ta ja baya, ta murɗa sakatar da ke kulle gindin bututun ta buɗe, ta fitar da kwanso. Daga nan sifirin ya mayar da sandar gaba, sakatar ta ɗauko sabon harsashi daga maƙunsa mai cin 8, ta sake kullewa. Ashe ke nan aikin duka ya dogara ne a kan daidaito tsakanin ƙarfin iska da na sifirin.

3.0 Alamomi da Dalilansu

3.1 Ƙarancin Ƙarfi

Idan kwanso bai fita ba, ko ya fita amma sakatar ta koma ba harsashi, to sandar ba ta kai ƙarshen tafiyarta ba. Abu na farko da za a duba shi ne shafi. Wannan bindiga giris take so, domin tun zamanin yaƙi an lura ruwan sama na wanke mai maras kauri, sakatar ta riƙa cijewa. Sai dai fistin da silinda a bushe ake barin su. Na biyu, a duba marfin silinda, ko ya saki ko bawul ɗinsa na yoyo. Na uku shi ne awo: bai kamata kaurin fistin ya gaza inci 0.525 ba, faɗin cikin silinda kuma kada ya wuce inci 0.532. Zaizayar waɗannan sau da yawa tsatsa ce ke jawo ta, domin harsasan da aka yi kafin farkon shekarun 1950 suna barin wani gishiri mai jan danshi.

3.2 Yawan Ƙarfi

An tsara bindigar ne da harsashin soja na .30-06. Wasu harsasan farauta na zamani albarushinsu a hankali yake ci, saboda haka matsin iska yana da yawa har lokacin da ya iso kafar. Alamarsa ita ce bugu mai tsanani da yagewar gindin kwanso, ƙarshenta kuwa sandar ta lanƙwashe. Gajiyayyen sifirin, wanda sabonsa ke kai wajen inci 20, shi ma yakan bar sakatar ta riƙa dukan bayan gidanta.

3.3 Matsalar Ɗuri

Idan maƙunsa ta yi tsalle waje alhali da sauran harsashi a ciki, galibi marikinta ne ko sifirinsa ya gaji. Tarihi ya ba mu darasi a nan. Bindigogin farko-farko sun riƙa cijewa a harsashi na 7, alhali samfuran gwaji ba su yi haka ba. Da aka kwatanta su, sai aka gano wajen huda mazaunin bututu an datse saman wani ɗan tudu da ke yi wa harsashi jagora. Wato dai maimaituwar alamar a wuri guda ita ta tona asirin cutar.

4.0 Kammalawa

A taƙaice, muna ba da shawarar a fara da tabbatar da cewa ba harsashi a cikin bindigar, sa'an nan a bi daga mai sauƙi zuwa mai wuya: harsashi da maƙunsa, shafi, sifirin, daga ƙarshe awon fistin da silinda. A riƙa sauya abu ɗaya a lokaci guda, don a san wanda ya yi magani. Kada a faɗaɗa kafar iska, domin ƙarfen da aka cire ba ya komawa. Idan kuwa sakatar ta ƙi kullewa sosai, to a dakatar da harbi, a miƙa bindigar ga ƙwararren maƙeri. Muna ganin wannan tsari na karanta alama kafin taɓa inji ya dace mu koya wa ɗalibanmu na fasaha, kowane irin inji ne a gabansu.