Baba Ba Ya Gani: Tsufa Ne Ko Yana?

A ƙauyukanmu na kewayen Kontagora mun saba ganin tsoho riƙe da sanda, jikansa yana yi masa jagora. Yaron nan kuwa makaranta ya kamata ya tafi. In mun tambaya, sai a ce, "Ai tsufa ne." Sau da yawa yanar ido ce, kuma tana warkewa.

A cikin ido akwai wani ɗan abu garau kamar gilashi, wanda haske yake ratsawa. In shekaru sun ja yakan dushe, mutum ya riƙa gani kamar cikin hazon hunturu. Binciken da aka yi a Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna cewa cikin makafi 100 masu shekara 40 zuwa sama, wajen 43 yana ce ta rufe musu ido.

Likita yakan cire abin da ya dushe, ya sa na roba a madadinsa. Yawanci washegari ake buɗe bandeji. Asibitin Ido na ECWA a Kano yana kula da idanu tun 1943, akwai kuma Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna.

Abin da yake damunmu shi ne masu yawo gari gari suna tura yanar cikin ido da allura. Tsoho yakan ɗan ga haske, iyali su yi murna, daga baya idon ya mutu. Wanda aka yi wa haka, sau da yawa likita ma ba ya iya gyarawa.