Daga Python Zuwa JavaScript: Fara da Lissafin Zakkar Hatsi

Idan kaka ta yi a Tsiga, cikin ƙaramar hukumar Bakori, lissafi ne ke cika gidaje: buhun masara nawa aka samu, nawa za a kai kasuwar Funtua ko Dandume, nawa kuma za a fitar na zakka. Ɗalibin da ya fara koyon yaren kwamfuta na Python zai iya rubuta 'yar manhajar da za ta yi wannan lissafi nan take. Sai dai a wayarsa kaɗai za ta tsaya. Kafin baba ko kawu ya amfana, sai shi ma ya sauke wani abu irin Pydroid, ga cin data, ga cika waya.

A nan ne yare na biyu ke da rana. Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991, gwani ne wajen lissafi da sarrafa bayanai. JavaScript kuwa, da Brendan Eich ya ƙirƙira a 1995, shi ne yaren da Chrome da sauran manhajojin buɗe shafukan intanet ke ji kai tsaye. Abin da ka rubuta da shi, duk mai babbar waya zai iya buɗewa.

Kada ka ji tsoron komawa aji ɗaya. Sharaɗin "idan kaza, yi kaza", maimaita umarni da ajiye adadi duk suna nan, salon rubutu ne ya bambanta. Ganinsu a sabuwar riga ma yana sa ka ƙara gane wanda ka fara koya.

To, da wane aiki za ka fara? Gwada ma'aunin zakkar hatsi. Ƙa'idarsa a sarari take: nisabi sa'i 300 ne. Amfanin da ruwan sama ya shayar ana fitar da kashi 1 cikin 10, na ban ruwa mai wahala kuma kashi 1 cikin 20. Shafinka zai tambayi yawan hatsi da irin noman, ya duba ko ya kai nisabi, sannan ya ba da amsa.

Wurin da za ka yi gumi shi ne awo. Manomi da buhu da tiya yake magana, littafi kuma da sa'i. Je wurin malamin Islamiyyarku da wani mai awo a kasuwa ku daidaita, domin kuskure a nan haƙƙin talaka zai ci.

Rubuta shi da Python tukuna, ka sake shi da JavaScript, ka ba mutum uku a gidanku su gwada. Duk inda suka rikice, gyara. Kada ka taɓa yare na uku sai wannan ya yi aiki a hannun wanda bai taɓa jin sunan Python ba.