Kuɗin Zaman Kotu: Tsakanin Amurka da Ingila

A Amurka da Ingila, idan aka gurfanar da mutum kan babban laifi, ba alƙali ne ke cewa ya aikata ko bai aikata ba. Galibi mutum goma sha biyu ake ɗebowa daga jama'ar gari, da direba da malamar makaranta da mai shago, su saurari shaidu su yanke. Su ne ake kira masu taimaka wa alƙali. Aikin ba nemansa ake yi ba, sammaci ne ke iske mutum har gida, kuma yin biris da shi laifi ne. A Ingila tarar tana iya kaiwa fam 1,000. To tunda dole ce, wa zai ɗauki nauyin cefanen wanda aka raba da sana'arsa?

Amurka kuɗin zama take biya, kowa daidai da kowa. A kotunan tarayya dala 50 ce a rana tun 2018, kafin nan 40 ce, ga kuɗin mota. Idan shari'a ta wuce kwana 10, alƙali yana iya ƙara dala 10. Mafi ƙarancin albashi na tarayya kuwa dala 7.25 ne a awa, wato dala 58 a aikin awa takwas. Ke nan gwamnati tana biyan wanda ta damƙa wa makomar wani ƙasa da abin da ta wajabta wa mai gidan abinci ya biya mai wanke-wanke. Kotunan jihohi, inda akasarin shari'u suke, wasunsu sun fi haka rowa: a Kalifoniya dala 15 ce, ita ma sai daga rana ta biyu. Doka ta hana a kori ma'aikaci don ya amsa kiran kotu, amma dokar tarayya ba ta tilasta wa kamfani biyansa albashin kwanakin ba.

Ingila da Wales ba sa biyan kuɗin zama ko kwabo, asara suke mayarwa. Wanda ya nuna shaidar cewa ya rasa kuɗin shiga, ko ya biya mai reno, yana iya karɓar har fam 64.95 a rana cikin kwana 10 na farko, ko fam 32.47 idan zaman bai wuce awa huɗu ba. Shari'a ta zarce haka, iyakar ta koma fam 129.91. Akwai kuɗin mota, da fam 5.71 na abinci, wanda a Landan da ƙyar ya sayi burodi da shayi.

A ganina tunanin Ingila ya fi kusa da adalci. Ma'aikacin da albashinsa ke gudana ba ya bukatar komai, mai tasin da ya ajiye mota shi ke bukata. Sai dai an fi shekara goma ba a taɓa wannan adadi ba. Mafi ƙarancin albashi a Birtaniya ya kai fam 12.21 a awa a 2025, saboda haka ko mai ɗaukar albashin ƙasa-ƙasa da giɓi yake komawa gida.

Illar ba a aljihu ta tsaya ba. Wanda sai ya fita yake ci zai roƙi a ɗaga masa ko a sallame shi, a bar 'yan fansho da ma'aikatan manyan kamfanoni su yanke wa talaka hukunci. Birnin San Francisco ya hango haka, ya soma biyan masu ƙaramin ƙarfi dala 100 a rana a 2022.

A cikin kotun ma hanya ta rabu. A ƙasashen biyu yawancin lokacin a ɗakin jira yake ƙarewa, wani ma har a sallame shi bai ga shari'a ba. Amma a Amurka lauyoyi sukan titsiye mutum da tambayoyi kan aikinsa da ra'ayinsa, kuma suna da damar ƙin wasu ba tare da faɗin dalili ba. Ingila ta soke wannan dama ga masu kare wanda ake tuhuma a 1988. Sunanka ya fito a ƙuri'a, sai rantsuwa. Amurka tana bukatar bakin kowa ya zo ɗaya kafin a kama mutum da babban laifi, Ingila kuwa tun 1967 take karɓar rinjayen 10 cikin 12. Ba'amurke yana iya hira da 'yan jarida bayan hukunci, a Ingila tona abin da aka tattauna a ɗakin shawara laifi ne. Haka binciken shari'ar a intanet. A 2011 an ɗaure wata mata wata takwas don ta yi hira a Facebook da wata da aka wanke a shari'ar da take zaune a kai.

A Amurka ɗan ƙasa kaɗai ake kira. A Ingila daga rajistar zaɓe ake ɗebo sunaye, 'yan shekara 18 zuwa 75 da suka zauna a ƙasar aƙalla shekara biyar, kuma ɗan Najeriya ko Ghana mai izinin zama yana iya shiga wannan rajista. Idan takardar sammacin ta zo maka a Ingila, ka amsa cikin kwana bakwai, ka tambayi wurin aikinka ko za su biya ka, sannan ka adana kowane rasit.