Sawun Rumawa a Maraɗi

Duk mutumin Sabon Gari da ya je ofishin magajin gari karɓar takardar haihuwar ɗansa, to ya riƙe gadon Rumawa a hannu ko da bai sani ba. Haruffan da ke kan takardar nasu ne, sunan watan ma nasu ne. Faransancin da aka cika ta da shi jikan Latinanci ne, harshen birnin Rum. Hatta sandunan nan da ake rubuta gundumomin birni da su, Maraɗi I, II da III, lambobinsu ne.

Alhali kuwa mulkin Rum bai taɓa ƙetaro Sahara ba. Daular ta faro ne daga gari guda a Italiya, ta rushe Kartaj da ke Tunisiya ta yau a shekara ta 146 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ta ƙone birnin, ta sayar da mutanensa bayi. Kada kyan gine-ginensu ya sa a manta da wannan. Zuwa shekara ta 117 bayan haihuwar Annabi Isa, zamanin sarki Tarajan, ta kewaye tekun da har yau muke kira Bahar Rum, daga Ingila har Iraƙi. Ta ɓangarenmu, a shekara ta 19 kafin haihuwar Annabi Isa wani kwamanda, Korneliyus Balbus, ya kai yaƙi Garama a Fezzan, kudancin Libiya. Daga baya wani Juliyus Maternus ya bi sarkin Garama tafiyar wata huɗu zuwa kudu, har wata ƙasa mai karkanda da suka kira Agisimba. Wasu masana na ganin yankin Tafkin Chadi ne, wasu kuma Azbin.

To ta ina suka shigo mana? Ta hanya biyu, kuma ta gabas ce ta riga. Almajirin da ke wanke allo a Tibiri ya san Suratur Rum tun kafin ɗan boko ya ji sunan Kaisar. Rumawan da surar ke magana a kansu na gabas ne, masu hedikwata a Kustantiniya, waɗanda Farisawa suka ƙwace wa Ƙudus a 614, sannan sarkinsu Hiraƙlu ya rama a 627. Shi ne kuma Manzon Allah (SAW) ya aika wa wasiƙa. Rum ta yamma ta faɗi tun 476, amma ta gabas ta kai har 1453, lokacin da Sarkin Turkawa Muhammadul Fatih ya ci Kustantiniya. Idan liman ya ce mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari ne, yana ambaton kuɗin da asalinsa na Rumawa ne. Da tsabar zinariyarsu Musulmin farko suka yi ciniki, kafin Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya buga tasa wajen 696.

Hanya ta biyu ta zo da Nasara, kuma ita ce ta fi shiga rayuwarmu ta yau da kullum. Kalandar da ake biyan albashi da ita Juliyus Kaisar ne ya tsara ta, Fafaroma Giregori ya gyara ta a 1582. Yuli sunan Juliyus ne, Agusta na magajinsa. Haruffan ma sai da aka lanƙwasa su kafin su ɗauki Hausa, aka yi wa b, d, k da y ƙugiya, suka zama ɓ, ɗ, ƙ da ƴ.

Amma babban abin shi ne doka. Tsakanin 529 da 534 sarki Justiniyan ya sa aka tattara hukunce-hukuncen Rumawa na ɗaruruwan shekaru a wuri guda. Daga nan malaman shari'ar Turai suka sha, daga nan kundin Napoliyon na 1804 ya ɗebo ka'idojin ciniki, bashi, haya da mallaka, shi kuma Nijar ta gada daga Faransa. Ɗan kasuwar da aka maka a kotu kan yarjejeniyar shago, da ma'aunin nan ake auna shi. Sai dai gadon bai cinye komai ba, kuma a ganina nan Nijar ta yi hankali. Manomin Jiratawa da rigimar iyakar gona ta taso masa, wurin maigari ko sarki yake fara zuwa don sulhu. Maganar aure, saki da rabon gado kuwa, ko an kai gaban alƙali, al'adar masu shari'ar ake dubawa, wadda a ƙasarmu ta gauraya da fiƙihun Malikiyya.

Yaranmu na haddace sunayen sarakunan Rum don jarrabawa, su fita aji suna ɗaukar abin labarin wasu mutane ne can nesa. Malaman tarihi, ku shigo aji da takardar haihuwa, da kalanda, da allo, ku ɗora su kan teburi, ku fara darasin daga nan.