Kafin Ka Yarda da "An Gwada a Jami'a"

Mai tallar magani zai ɗaga ƙullin garin sabara ko zogale ya ce an gwada a jami'a, an samu sinadarai kaza da kaza. Wataƙila gaskiya ya faɗa. Sai dai ba garin ake gwadawa kai tsaye ba, kuma a nan ake ruɗar jama'a.

Sinadaran tsiro a kulle suke cikin ganye da saiwa da ɓawo, cakuɗe da tarkacen da ba su da amfani. Kafin a gane su sai an jiƙa garin a ruwan da zai narkar da su, a tace, a ƙafar da ruwan, sannan a ɗiga magungunan gwaji. Kowane ruwa da abin da yake ja. Majema sun daɗe da sanin haka, domin ruwa zalla ya isa ya fito da sinadarin bagaruwa mai gyara fata. Amma ruwa ba ya shiri da mai, don haka man tsiro sai an sa masa heksen. Etanol da metanol kuwa suna jawo sinadarai iri-iri a lokaci guda, shi ya sa masu bincike ke yawan komawa gare su.

Zafi ma yana ɓata aiki. A ƙasar Sin, Tu Youyou da abokan aikinta sun sha wahala da wani nau'in tazargade wajen neman maganin zazzaɓin cizon sauro. A 1971 suka koma tatsarsa da wani ruwa mai saurin tashi wanda ba ya buƙatar wuta sosai, sai maganin ya yi aiki. Daga nan aka samo atemisinin, ita kuma ta karɓi kyautar Nobel a 2015.

To, abin da aka tatsa da metanol aka ba ɓera ba shi ne ke cikin kofin da ka dama da kunu ba. Ganin sinadari a gwaji bai nuna yana warkarwa ba, balle ya faɗi awon da ƙoda za ta iya ɗauka.

Kada kuma wani ya ce zai kwaikwayi masu bincike a gida. Metanol guba ne, kaɗan daga cikinsa na makantarwa ko ya kashe, kuma ido ba ya bambance shi da etanol. Sifirit ɗin shago ba na jiƙa magani ba ne. In za ka sayi maganin gargajiya na kwalba, duba lambar NAFDAC, ka kuma karanta takardar da ke jiki: sau da yawa an rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba.