Daga Bazaga zuwa Ƙonni: kowace dukiya da aljihunta, har a cikin intanet

Duk wanda ya san kasuwannin kan iyaka ya san cewa ɗan kasuwar Bazaga ko na Ƙonni ba ya haɗa naira da sefa a aljihu ɗaya. Ko ƴan canji da ke zaune bakin tasha, kowane ɗauri da gefensa. Abin mamaki shi ne, mutanen nan da ba su yarda kuɗi biyu su gauraya a aljihu ba, su ne ke zuba harkar kasuwa da ta gida da ta biro cikin waya guda, da kalmar sirri guda.

Abin da ya kawo asusu barkatai

Yankin nan yana da ƙafa biyu, ɗaya a Nijar ɗaya a Najeriya. Ƙonni na kallon Illela ta jahar Sakkwato, wadda ba ita ce Illelar jahar Tawa ba. Mai safarar albasar Galmi, ko dabbobi, ko simintin Malbaza, yakan riƙe layi mai farawa da 227 da wani mai farawa da 234. A nan gida yana aika kuɗi ta Nita ko Amana ko Al Izza, a ƙetare kuma abokan cinikinsa suna biyansa ta banki ko ta OPay.

Abubuwa uku suka ƙara tura mutane cikin waya. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. A farkon 2023 sauya fasalin naira ya jawo ƙarancin tsabar kuɗi, har wanda bai taɓa turawa ta waya ba ya koya dole. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka sake rufe iyaka, ba a buɗe ta ba sai a watan Maris 2024. A duk waɗannan lokuta ciniki bai mutu ba, ya dai koma hoto da saƙon murya da lambar asusu.

Mashigi da ɗakunansa

Manhajar da ake shiga intanet da ita, wadda masu Faransanci ke kira nabigater, tamkar zaure ce: duk wanda za ka gana da shi, ta nan za ka bi. Firefox ta fito a 2004, Chrome a 2008. Mashigin yana riƙe tarihin shafukan da aka buɗe, yana ajiye wasu ƴan guntayen bayanai da ke sa shafi ya gane mai zuwa, in kuma aka yardar masa sai ya haddace kalmar sirri. Wannan sauƙi ne ga mai na'urarsa shi kaɗai, amma haɗari ne a biro inda mutum uku ko huɗu ke aiki da kwamfuta guda.

Maganin yana cikin mashigin kansa, kuma ba a biyan ko dala. A kwamfuta, Chrome na ba da damar buɗe ɗaki fiye da ɗaya, abin da ake kira furofil. Kowane ɗaki da sunansa da launinsa, da shafukan da aka yi wa alama, da kalmomin sirrinsa. Ma'aikacin ofishin magajin gari zai iya ware ɗaki shuɗi don wasiƙun aiki, kore don harkar kansa, kuma wanda ya shiga wannan ba ya cin karo da abin da ke wancan. A Firefox ma, tun 2017 akwai wani ƙari da ke ba kowane shafi akwatinsa, ta yadda za a buɗe asusun Gmail biyu gefe da gefe ba su gauraya ba.

Sai dai ɗakunan nan labule ne a bakinsu, ba su da kwaɗo. Duk wanda ya zauna gaban kwamfutar zai iya leƙawa. Kulli na gaskiya shi ne kowane ma'aikaci ya samu nasa suna da kalmar sirri tun wajen kunna na'urar, ya kuma rufe allon in zai fita salla.

Ga masu waya

Galibin ƴan kasuwarmu da waya suke aiki, kuma Chrome ta waya ba ta da irin waɗannan ɗakuna. Dabarar ita ce a ajiye mashigi biyu, ɗaya na harkar kuɗi kaɗai, ɗaya na labarai da kallo. Opera Mini tana matse shafi a na'urorin kamfaninta kafin ya iso, abin da ke rage cin kuɗi inda layi ke da rauni. Ta dace da karanta labari, amma harkar banki gara a bar ta ga manhajar bankin. WhatsApp kuwa ya fito da na ƴan kasuwa a 2018, a 2023 kuma ya ba masu Android damar riƙe lamba biyu a manhaja guda. Ke nan layin 227 na iya zama na dangi, na 234 na abokan ciniki, farashin da aka yi wa wani kuma ba zai faɗa hannun wani bisa kuskure ba.

Shafukan da ake buɗewa kullum, na banki ko na ma'aikata, a yi musu alama sau ɗaya a riƙa bi ta nan. Da yawa daga cikin masu damfara da shafi na jabu suke kama mutane, mai kama da na gaskiya, wanda suke turo adireshinsa ta saƙo.

Amana ce

Tagar sirri da ake buɗewa a gidan intanet tana share tarihi bayan an rufe ta, amma ba ta ɓoye mutum ga mai layin ko ga shafin da ya ziyarta. Lambar tabbaci da ke zuwa ta gajeren saƙo kuwa makullin shago ce. Kada a karanta wa kowa ita, ko da ya ce daga kamfani yake.

Ga ma'aikacin gwamnati maganar ta wuce tsari. Takardun haihuwa da jerin albashi amanar jama'a ne, kuma tun 2017 Nijar tana da dokar kare bayanan mutane, da hukumar HAPDP da ke sa ido a kanta. Wanda ya bar wasiƙun aiki a buɗe cikin wayar da yara ke wasa da ita, shi za a tambaya.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Gyaran nan bai kai rabin sa'a ba, kuma dabara ce da ɗan canjin tasha ya daɗe da sani. Allah ya tsare mana dukiya da mutunci.