Shin Igiyar Maikurowef Ta Taɓa Tsere wa Haske?

Haske yana tafiyar mita 299,792,458 a kowace daƙiƙa a sararin da babu iska, kuma tun shekarar 1905, lokacin da Albert Einstein ya fitar da ka'idarsa game da dangantakar motsi da lokaci, masana fiziks suka ɗauki wannan gudu a matsayin iyakar da babu saƙon da zai ƙetare ta. Dalilin kuwa mai nauyi ne, domin lissafin ka'idar ya nuna cewa da saƙo zai wuce haske, da an sami mai kallon da zai ga isowarsa kafin aikawarsa, wato sakamako ya riga sanadi. Wannan ya sa duniyar kimiyya ta kasa kunne a shekarar 1992, sa'ad da Günter Nimtz da Achim Enders na Jami'ar Kolon a Jamus suka ba da rahoton cewa igiyar maikurowef ta ratsa wani shinge da gudun da ya fi na haske.

Maikurowef igiya ce ta lantarki da maganaɗisu, dangin haske da igiyar rediyo, sai dai zangonta ya fi na rediyo gajarta ƙwarai, kuma akan bi da ita ta cikin bututun ƙarfe. Idan aka matse wani sashe na bututun har faɗinsa ya gaza rabin zangon igiyar, ba ta iya yaɗuwa a cikinsa, galibinta yakan koma baya, abin da ya shiga kuma ƙarfinsa ya riƙa zubewa da sauri, ta yadda ɗan ƙyas ne kawai ke fitowa ta ɗaya bakin. Wannan ratsawa ita ake kira kurɗawa, kuma tun 1962 Thomas Hartman ya nuna ta lissafi cewa idan shinge ya yi kauri, jinkirin da ake aunawa ba ya ƙaruwa ko da an ƙara masa tsawo. A 1994 Nimtz ya ɗora kiɗan Mozart mai lamba 40 a kan igiyar, ya tura ta cikin shinge mai tsawon santimita 11.4, ya ce ta fito da ninki 4.7 na gudun haske. Awon bai zama abin tuhuma ba, don a 1993 Raymond Chiao da abokan aikinsa a Berkeley ta Amurka sun sami ninki 1.7 da ƙwayoyin haske. Fassarar awon ce ta jawo gardama.

Amsar ta girmi gwajin da shekaru masu yawa, domin kafin 1915 Arnold Sommerfeld da Léon Brillouin sun bambanta gudun ƙololuwar curin igiya da gudun goshinta, wato farkon motsin da ke nuna cewa an kunna wani abu sabo. Sun tabbatar cewa ƙololuwa tana iya wuce haske, amma goshi ba ya wucewa, kuma sabon labari a goshi yake. Lamarin ya yi kama da ayarin fatake da ya iso ƙofar gari, aka bar na gaba kaɗan suka shige aka tsare sauran: tsakiyar ayarin da ya fito ta matsa gaba sosai, alhali babu raƙumin da ya sha gaban madugu. Kiɗan Mozart ma, idan aka duba adadin da kyau, bai ci ribar da ta wuce kashi uku cikin biliyan goma na daƙiƙa ba, lokacin da ya yi ƙanƙanta har sautin bai isa ya canja ba a cikinsa, saboda haka abin da ya fito ci gaba ne na abin da ya riga ya shiga.

Herbert Winful na Jami'ar Michigan ya ƙara zurfafa bayanin, inda ya nuna cewa curin igiyar ya fi shingen tsawo nesa ba kusa ba, don haka jinkirin da ake aunawa lokacin da makamashin da ya taru a shingen ke ɗauka ne kafin ya tsiyaye ta bakunan biyu, kuma raba tsawon shinge da wannan lokaci ba ya ba da gudun wani abu mai tafiya. Gwajin da Daniela Mugnai da Anedio Ranfagni da Rocco Ruggeri suka yi a birnin Florens na Italiya a 2000 ya bi wata hanya dabam, a fili cikin iska, inda igiyoyi masu zuwa a karkace suke haɗuwa a tsakiya, mahaɗarsu ta riƙa gaba fiye da haske, ko da yake kowace igiya a gudun haske take tafiya.

Nimtz ya ci gaba da riƙe ra'ayinsa, har a 2007 ya ce ya karya ka'idar Einstein, amma galibin masana ba su bi shi ba, kuma hujja tana tare da su. Gwaje-gwajen sun yi amfani ƙwarai, domin sun tilasta wa masana su fayyace abin da suke nufi da gudu da kuma saƙo, sai dai har yau babu gwajin da ya isar da sabon labari kafin haske ya isa.